Filin Gwaggo: Maigidana yana so in ce ni ce a kan sitiyari

Wasiƙun da na ɗauko wannan makon daga 'yan'uwanmu mazauna Ingila suka zo, kuma duk a kan kyamarar nan ne ta gefen hanya mai ɗaukar motar da ta wuce ƙa'idar gudu. Na fara da wadda ta fi hana ni sukuni. Kamar kullum, na ɓoye sunaye da garuruwa.

Assalamu alaikum Gwaggo, ya ƙoƙari? Allah ya saka da alheri. Ni matar aure ce, 'ya'yanmu uku, muna zaune a arewacin Ingila. Maigidana direban motar raba kaya ne. Tun asuba yake fita, sai bayan isha'i yake shigowa, kuma da wannan aikin muke ci, muke biyan haya, yake aika wa mahaifiyarsa ɗan abin da ya samu. Ni kuma ina aikin kula da tsofaffi kwana uku a mako. Makon jiya wasiƙa ta zo daga 'yan sanda, wai kyamara ta ɗauki motarmu ta gida tana gudun mil 36 a inda aka ƙayyade 30. Shi ne yake tuƙi, ranar Asabar, zai kai babban yaronmu islamiyya sun makara. Matsalar ita ce yana da maki 9 a lasisinsa, in aka ƙara 3 sun cika 12, za a hana shi tuƙi. Ni lasisina tas yake. Ya ce zai rubuta sunana a takardar, in tawa ta zo in amsa cewa ni ce. Wai ba abin da za a yi mini sai tarar fam 100, wataƙila ma kwas kawai za a tura ni. Ya ce kowa haka yake yi, kuma ai kyamarorin nan tarkon kuɗi ne gwamnati ta ɗana wa talaka. Da na yi shiru sai ya ce ashe na fi son takarda a kansa. Tun ranar ba ya cin abincina sosai, gaisuwa ma da ƙyar. Gwaggo, wallahi mutumin kirki ne, ban taɓa ganin ya ci haƙƙin kowa ba, tsoro ne ya kama shi. Takardar tana nan a kan firij, duk na gifta sai gabana ya faɗi. In amince?
Daga 'yarki mai neman mafita.

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki amince. Kada ki amsa laifin da ba ki yi ba, kada kuma ki bari ya rubuta sunanki. Na sa wannan a gaba ne don kada ki karanta sauran maganata kina neman wata kafa a ciki.

Na yarda mutumin kirki ne. Namijin da ya ga abincin 'ya'yansa yana shirin suɓucewa, ga tsohuwa a gida tana jiran aike, zai furta abin da ba zai furta ba da hankalinsa a kwance. Sai dai lissafin da ya yi miki bai cika ba. Ya auna fam 100 da zaman wata shida ba tuƙi, ya ga tarar ta fi sauƙi. Abin da ya manta shi ne sunan da doka take kiran abin da yake so ku yi. Gudun mil 36 ƙaramin laifin hanya ne. Rubuta sunan wanda ba shi ya tuƙa ba kuwa karkatar da shari'a ne, babban laifi da ake kai wa babbar kotu, kuma galibi gidan yari ake zuwa a kansa ko da mutum bai taɓa taka ofishin 'yan sanda ba. Ku biyu zai kama, wanda ya rubuta da wadda ta amsa. Wa zai riƙe muku yara uku a ƙasar mutane?

Ya ce kowa haka yake yi. To ga labarin wani da ya yi. Chris Huhne tsohon ɗan siyasa ne na jam'iyyar Liberal Democrat, ya kai har kujerar ministan makamashi. A watan Maris na 2003 kyamara ta ɗauki motarsa a babbar hanyar M11 yana dawowa daga filin jirgin Stansted. Shi ma maki 9 ne a lasisinsa, daidai da maigidanki. Matarsa ta lokacin, Vicky Pryce, ƙwararriyar masaniyar tattalin arziki, ita ta ɗauki makin. Shekaru suka shuɗe ba wanda ya ji. A 2010 zaman auren ya ƙare, maganar ta kai kunnen 'yan jarida, a 2012 ya sauka daga minista, a watan Maris na 2013 aka ɗaure su wata takwas-takwas. Shekara goma bayan abin ya faru ke nan. Abin da nake so ki riƙe shi ne hujjar da matar ta kawo a kotu: ta ce mijinta ne ya tilasta mata. Ba a karɓa ba. A 2014 ma aka cire wannan kariyar ta tilascin miji daga dokar baki ɗaya.

Ga kuma Fiona Onasanya, a lokacin 'yar majalisa ce mai wakiltar Peterborough, kuma lauya, iyayenta 'yan asalin Najeriya. Ita ma kyamara ta ɗauki motarta, ta musanta cewa ita ce ke tuƙi, bayanan wayarta suka nuna tana wurin a daidai lokacin. A 2019 aka yanke mata wata uku, mutanen mazaɓarta suka yi mata kiranye, aka kuma hana ta aikin lauya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, 'yata. Wasu kyamarorin daga gaba suke ɗauka, fuskar direba tana fitowa. Ana duba waya, ana duba jadawalin wurin aiki. Ga yaronku da yake zaune a motar, ya san wa ya kai shi islamiyya ranar. Shi ma za ku koya masa abin da zai ce?

Akwai abu biyu da suka shafe ku fiye da minista. Aikinki na kula da tsofaffi ba a yin sa sai an bincika tarihin mutum, kuma laifin rashin gaskiya ba ya ɓoyuwa a wannan binciken. In kuma har yanzu a kan biza kuke, ko kuna jiran takardar zama ta dindindin, hukuncin ɗauri yana iya rushe duk abin da kuka yi shekaru kuna ginawa. Wato don a ceci lasisi ɗaya na wata shida za a jefa aiki biyu da zaman iyali duka a caca.

Maganar cewa kin fi son takarda a kansa, zafin rai ne, kada ki ajiye ta a zuciya. Amma kada ta sa ki ji kin saɓa wa aure. Abin da yake nema shaidar zur ce da sa hannu, kuma babu malamin da zai ce miki biyayya ga miji ta kai nan. In ya ƙi saurarenki, ki nemi limamin masallacinku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, mai riƙon sirri, su zauna.

Yanzu ga abin da za ku yi, don ban ce ki ƙi kawai ki zuba masa ido ba. Ya cike takardar da sunansa ya mayar cikin kwana 28. Rashin mayarwa laifi ne daban mai maki 6 da tarar da ke iya kaiwa fam 1,000, wato ya fi gudun kansa muni. Daga nan ku shiga shafin gwamnati ku duba lasisinsa da kyau. Makin da ake haɗawa a kai 12 na laifukan da aka yi cikin shekara uku ne, ana ƙirgawa daga ranar da aka yi laifi zuwa ranar da aka yi wani. Maki yana iya zama a rubuce har shekara huɗu alhali ya daina shiga lissafi, kuma mutane da yawa suna tayar da hankalinsu a kan makin da ya riga ya mutu. Ku kuma tuna yaushe rabonsa da kwas ɗin wayar da kai kan gudu. In ya wuce shekara uku, mil 36 a wurin 30 yana cikin abin da 'yan sanda kan ba da kwas a kansa maimakon maki, ko da yake su ke da ikon bayarwa ko hanawa.

In duk waɗannan ƙofofin a rufe suke, kotun majistare za a je, kuma can ma ba a gama ba. Doka ta ba alƙalai damar sassautawa, ko ma su bar masa lasisin, idan an nuna musu cewa hana shi tuƙi zai jawo wahala da ta wuce ta kullum. Rasa aiki shi kaɗai ba lallai ya isa ba. Abin da suka fi dubawa shi ne waɗanda ba su ji ba ba su gani ba: yara, gidan haya da za a rasa, mahaifiyar da ta dogara da shi. Ba a zuwa da baki kawai. A tafi da wasiƙar wurin aiki, da takardar haya, da bayanan banki, da shaidar kuɗin da ake aikawa gida. Ku nemi lauya mai aikin laifukan hanya, in kuɗi ya yi wuya ku fara da ofishin Citizens Advice, kyauta suke ba da shawara. Ya sani kuma, in aka yi masa wannan alfarmar, ba zai sake kawo hujja iri ɗaya ba sai bayan shekara uku, kuma makin yana nan a kansa.

Ki same shi bayan ya ci abinci, yara sun kwanta. Ki ce masa, "Baban yara, ba zan sa hannu a ƙarya ba, amma ba zan bar ka kai kaɗai ba. Zan ƙara kwanakin aiki in ta kama, zan raka ka kotu, ni zan tattara takardun." Namiji mai tsoro ya fi buƙatar ya ji akwai tsari fiye da ya ji wa'azi.

Sauran magana ɗaya, kuma ita ce mai ɗaci. Maki 12 ba tsautsayin rana ɗaya ba ne, ɗabi'a ce. Ya ce mil shida ne kacal ya ƙara. Motoci biyu su taka birki a wuri ɗaya, ɗaya tana mil 30 ɗaya tana 36: a daidai inda ta farko ta tsaya cak, ta biyu tana nan tana tafiya da kusan mil 20. Hanyar islamiyya ce, ranar Asabar, lokacin da 'ya'yan wasu suke tsallakawa da jakunkuna a baya, su ma sun makara. Wannan ba yau za ki faɗa masa ba. Ki bari ƙura ta lafa, amma ki faɗa.

Salam Gwaggo. Ni saurayi ne, ina raba abinci da mota a tsakiyar Ingila, ban cika shekara da samun lasisi ba. Sau biyu kyamara tana kama ni. Na farko aka tura ni kwas na biya kuɗi, na biyu aka ci ni fam 100 da maki 3, a titin da da can mil 30 ne suka mayar da shi 20, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko kare babu a hanya. Fam 100 aikin yini guda ne a wurina. Mun yi musu da yayana har mun kusa ɓatawa. Shi ya ce in bi doka in yi shiru, ni na ce wannan fashi ne da sunan kare rai. Ko ɓarawo aka kama yana da haƙƙin ya yi shiru, amma direba dole ya rubuta sunansa ya tona wa kansa asiri. Ina haƙƙinmu? Gara ma gida, in jami'i ya tare ka za ka roƙe shi ya gane halin da kake ciki, inji kuwa ba ya jin magana. A wani zaurenmu na WhatsApp akwai mai sayar da abin da ake fesa wa lambar mota kyamara ta kasa karantawa. Gwaggo, ki faɗa mini tsakani da Allah, ni da yayana wa ya fi gaskiya?
Ɗanki direba.

Ɗana, yayanka ya fi ka gaskiya a kan bin doka, kai kuma ka fi shi a kan cewa ba dole ne a yi shiru ba. Amma kafin musu, ga abin gaggawa: wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi ba, maki 6 kawai ke soke lasisinsa, ya koma ɗan koyo, ya sake jarrabawar rubutu da ta hanya. Kana da 3. Kamu ɗaya ya rage maka. Abin fesawar nan kuma ka fita harkarsa. Taɓa lambar mota don kada ta karantu laifi ne mai tarar da ke kaiwa fam 1,000, in kuma aka ga don guje wa hukunci ka yi, yana iya zama irin babban laifin da na gama yi wa 'yar'uwarka bayani a sama.

Zargin da kake yi ba kai ka fara shi ba, kuma yana da tushe. A 1992 aka kafa kyamarorin farko a yammacin Landan. Daga 2000 zuwa 2007 gwamnati ta bar 'yan sanda da ƙananan hukumomi suna cire kuɗin gudanar da kyamarorin daga cikin tarar da suka tara, kyamarori suka yawaita. A ganina babban kuskure ne, domin duk ranar da mai kama laifi yake cin gajiyar yawan kamu, ko da gaskiya yake yi ba wanda zai yarda da shi. A 2007 aka soke tsarin, yanzu tarar baitulmalin ƙasa take tafiya, sai dai wani kaso na kuɗin kwas irin wanda ka biya yana komawa wurin 'yan sanda. Zargin bai mutu ba har yau, kuma 'yan siyasa sun san akwai ƙuri'a a cikinsa. A 2010 sabon ministan sufuri, Philip Hammond, ya yi alƙawarin kawo ƙarshen abin da ya kira yaƙi da masu mota, aka datse kuɗin da gwamnatin tsakiya take bayarwa. Yankin Oxfordshire ya kashe kyamarorinsa a watan Agusta na wannan shekarar. Kafin shekara ta zagayo, a watan Afrilu na 2011, aka sake kunna su.

Masu suka suna da hujja guda mai ƙarfi da ya kamata ka sani, don ta fi kiran fashi nauyi. Ana kafa kyamara ne a wurin da aka yi jerin munanan haɗurra. Irin wannan jerin kuwa sau da yawa yakan ragu da kansa, ko an kafa ko ba a kafa ba. Kamar mai zazzaɓi ne da ya kai maƙura aka ba shi jiƙo, washegari jiki ya yi sanyi: jiƙon ne, ko dama lokacin sauka ya yi? Masana sun ɗauki tambayar da muhimmanci, sun cire wannan kason daga lissafi. Nasarar ta ragu daga yadda gwamnati ta fara tallata ta, amma ba ta ɓace ba. A 2010 Farfesa Richard Allsop ya yi nazari wa gidauniyar RAC, wadda ta masu mota ce, ya ƙiyasta cewa in aka kashe kyamarorin Birtaniya duka, mutanen da ke mutuwa ko jin mummunan rauni za su ƙaru da kusan 800 a kowace shekara.

Ka leƙa Faransa ka ga duka fuskokin. A 2002 Shugaba Jacques Chirac ya sa kare rayuka a hanya cikin manyan ayyukan mulkinsa, a 2003 aka kafa kyamarar farko mai aika tara da kanta. Mutum sama da 7,000 ne suka mutu a hanyoyin ƙasar a 2002. A 2010 adadin ya sauko ƙasa da 4,000. Ba kyamara kaɗai ta yi wannan ba, motoci ma sun inganta, amma ba wanda zai ce ba ta da hannu. Dubban gidaje ke nan da ba a yi zaman makoki ba. Sai a 2018 gwamnati ta rage gudun hanyoyin karkara daga kilomita 90 zuwa 80, doka ɗaya ga kowace hanya, daga Paris, ba tare da an ji ta bakin mutanen ƙauye da ba su da jirgin ƙasa ko bas ba. Da maganar ƙarin harajin mai ta biyo baya, masu zanga-zangar riguna ruwan ɗorawa suka fito, kuma a farkon 2019 ministan cikin gida ya ce an lalata kusan kashi 60 cikin 100 na kyamarorin ƙasar. Daga baya aka ba jihohi damar mayar da wasu hanyoyin 90. A Wales ma da aka mayar da titunan cikin gari mil 20 a watan Satumba na 2023, mutum sama da 460,000 suka sa hannu a takardar koke. Gwamnati ta sassauta, ta ba ƙananan hukumomi damar mayar da wasu tituna 30, alhali alƙaluma sun nuna raunuka sun ragu a waɗannan titunan. Ka ga mutane ba son mutuwa suke yi ba. Abin da ba sa so shi ne a yanke musu hukunci ba a tambaye su ba.

Batun haƙƙin yin shiru, wasu direbobi biyu 'yan Birtaniya sun riga ka. Sun kai ƙara har kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai da ke Strasbourg, suna cewa tilasta wa mai mota ya faɗi wanda ke tuƙi tilasta masa ne ya ba da shaida a kan kansa. A 2007 kotun ta yi watsi da ƙarar, alƙalai 15 a kan 2. Dalilinta shi ne wanda ya zaɓi mallakar mota da tuƙa ta ya san abu ne mai iya kashe mutum, don haka ya karɓi wasu sharuɗɗa tun ranar da ya karɓi lasisi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ina tare da kotun a nan. Haƙƙin direba yana nan: a sanar da shi a kan lokaci, a sa alamar iyakar gudu yadda doka ta ce, na'urar ta zama wadda hukuma ta amince da ita, ya kuma iya ƙin tarar ya je gaban alƙali ya ga hujjar da ake da ita a kansa. Yaron da ke tsallaka titi shi ma yana da nasa, kuma ba shi da ƙungiya ba shi da zauren WhatsApp.

Inda zuciyata take tare da kai shi ne fam 100. A wurinka yini ne na gumi, a wurin wani kuɗin cin abincin dare ne. Hukuncin da ke karya talaka ya kasa taɓa mai hali bai cika adalci ba. A Finland, in gudun ya yi yawa, da abin da mutum yake samu ake auna tarar, har an taɓa cin wani babban jami'in kamfanin Nokia Yuro 116,000 kafin kotu ta rage. A Ingila sai an je kotu ake duba albashi, can ma akwai iyakar da ba a wucewa. Haka kuma ban manta cewa waya tana ƙirga maka mintoci, abinci yana hucewa a kujerar baya, kuma yawan kai saƙo shi ne yawan samu. Masu tsara aiki haka suna da kaso a cikin kowane gudu da direbobinsu suke yi, amma lasisinka ne ke ɗaukar makin, ba nasu ba.

Ka ce gara gida inda ake roƙon jami'i. Ɗana, ka san yadda wannan roƙon yake ƙarewa, ka kuma san wanda ba a ma tare shi. Abin da na fi daraja wa injin nan shi ne bai san ɗan wane ba. Ya kama minista. A 2023 kotu ta ci tarar Justin Welby, shugaban cocin Ingila na lokacin, ta kuma sa masa maki 3, saboda gudun mil 25 a titin mil 20 kusa da fadarsa a Landan. Irin titinka, irin laifinka.

In ka ga titin nan bai cancanci 20 ba, akwai kansila a unguwarku, yana da ranar ganawa da jama'a. Ƙananan hukumomi suna neman ra'ayin mutane kafin su canza iyakar gudu, kuma yawancin masu amsawa ba direbobin dare ba ne irinka. In kai ɗan Najeriya ne ko Ghana ko Kamaru mai izinin zama, kana da ƙuri'a a Birtaniya, ka yi rajista. Ku haɗu ku ashirin daga zauren nan ku rubuta koke ɗaya mai sunan titi da dalili. Kafin nan, ka kunna na'urar ƙayyade gudu in motarka tana da ita, ka riƙe giya ta biyu ko ta uku a titin 20, kuma ka kira yayanka ka gaishe shi.

Gwaggo barka da aiki. Wasiƙa ta zo mini cewa an ɗauki motata tana gudu a wani gari a kudu, ni kuwa ban taɓa zuwa garin ba. Ranar ma ina wurin aiki, motar tana ajiye a ƙofar gida, makulli yana jakata. Ƙawata ta ce in biya kawai in huta, wata kuma ta ce in yaga takardar tunda ba ni ba ce. Ni kaɗai ce da 'yata, ba na son abin da zai haɗa ni da hukuma.
'Yarki a Midlands.

'Yata, kada ki biya, kada ki yaga. Biya amsa laifi ne, kuma kin ce ba ke ba ce. Yagawa kuma zai sa a hukunta ki a bayan idonki. Da alama wani ne ya kwafi lambar motarki ya manna wa tasa, abu ne da ke faruwa, kuma 'yan sanda sun san shi.

Ki amsa cikin kwana 28 ɗin da aka ba ki, a rubuce, ki ce motarki ba ta wurin, ki roƙi a turo miki hoton don ki tantance. Ki ɗauki hoton motarki gaba da baya da gefe, ki fito da duk abin da ya bambanta ta: launi, ƙafafu, wata sitika a gilashi, ko wani ƙarce a jiki. Ki karɓi shaidar jadawalin aikinki na ranar, in maƙwabta suna da kyamarar ƙofa ki roƙe su da wuri kafin hoton ya goge. Ki kira 'yan sanda a 101 ki kai rahoton kwafar lamba, ki rubuta lambar rahoton da za su ba ki, ki sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci, da kamfanin inshorarki. Duk takardar da za ki aika ki ajiye kwafinta da shaidar gidan waya. Wataƙila wasu wasiƙun su biyo baya, na fakin ko na kuɗin shiga gari, tunda mai lambar bogin yana nan yana yawo. Kowace ki amsa ta da wannan lambar rahoton.

Ki duba kwanan wata ma. A ƙa'ida sanarwar farko tana isa ga mai rajistar mota cikin kwana 14 da yin laifin, sai dai in kin canza gida ba ki gyara adireshin takardar motar ba, to wannan hujjar ba za ta yi miki aiki ba. Kuma ta gidan waya take zuwa. Duk saƙon tes ko imel da ya ce ki latsa nan ki biya tarar gudu, na 'yan damfara ne, ki goge shi.